Kamfani ya kawo takarda a kan ƙasar kakanninmu, wa zai tsaya mana?

Jikan Manoma:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mana. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya zo wa dattawanmu da yarjejeniya mai kauri, a yaren da yawancinsu ba sa karantawa, ya ce a sa hannu kafin ƙarshen wata. Filin da suke so ya haɗa da gonakinmu, da wurin kiwo, da tsohuwar maƙabarta, da rafin da muke sha. Tun kaka da kakanni muke a wurin, amma ba mu da takardar mallaka ko ɗaya. Shaidarmu kaburbura ne da itatuwan da iyayenmu suka dasa a kan iyaka.

Wakilin kamfanin ya ce gwamnati ta riga ta ba su lasisi, kuma lauyansu zai yi mana bayani kyauta. Na karanta takardar. Akwai sakin layin da ya ce duk wanda ya karɓi diyya ya yafe kowace irin ƙara har abada. Shi ne ya hana ni barci. Wanda ba shi da takarda yana da haƙƙi kuwa? Kuma ina irinmu ke samun lauya, tunda aljihunmu ba zai ɗauki mai tsada ba?

Lauyar Karkara:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ko a takardar halartar taro ce, sai an karanta muku abin da ke rubuce a samanta. Lauyan kamfani kuwa na kamfani ne, komai kirkinsa. Ku rubuta musu cewa kuna son ƙarin lokaci, da fassarar takardar cikin harshenku, da lauyan da ku kuka zaɓa, kamfanin ya biya kuɗinsa. Ana yin haka a wurare da yawa.

Rashin takarda ba ya kashe haƙƙi. A 2001 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ba al'ummar Awas Tingni ta Nikaraguwa gaskiya a kan gwamnatin da ta ba kamfanin katako dajinsu, alhali ba su da takardar mallaka. A 2010 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yi wa al'ummar Endorois ta Kenya irin haka a kan ƙasarsu ta bakin tafkin Bogoria, sannan a 2017 Kotun Afirka da ke Arusha ta ba al'ummar Ogiek ta Kenya gaskiya a kan dajin Mau. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta ce, a sashe na 32, a nemi yardar mutane ba da tilas ba, bayan cikakken bayani, kafin a amince da aiki a ƙasarsu. Sai dai sanarwa ce, ba ta ɗaure gwamnati kamar doka. Mai ɗaurewa ita ce yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1989, ita ma sai ƙasar da ta rattaba mata hannu, kuma a duk Afirka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai ta yi. Saboda haka daga dokar ƙasarku za a fara. A ƙasashe da yawa ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, amma lasisin haƙa bai share haƙƙin masu noma da kiwo a saman ƙasar ba.

Ku je ofishin ba da taimakon shari'a kyauta, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarku, da sashen koyar da lauyoyi na jami'a mafi kusa. Ku rubuta wa ƙungiyoyi irin su Namati, da Forest Peoples Programme, da Minority Rights Group wadda ta tsaya wa Endorois da Ogiek. Ku kuma bincika wa ya ba kamfanin rance. Idan akwai kuɗin IFC, reshen Bankin Duniya, yana da ofishin karɓar koke mai suna CAO, kuma ba a biyan ko sisi.

Tsohon Mai Safiyo:

Ɗana, lauya ba zai yi komai ba in ba ku ba shi abin riƙewa ba. Gobe da safe ka ɗauki waya ka zauna da tsofaffin da suka fi kowa shekaru, maza da mata, ka naɗi muryarsu: wa ya fara sare wurin, wa aka binne a ina, wace shekara aka yi rikicin iyaka, wa ya raba. Tsoho ɗaya ya rasu, shaida ta tafi. Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Delgamuukw ta 1997, ta ce tarihin baka shaida ce da kotu za ta karɓa. A Ostireliya kuma mutanen Yorta Yorta sun faɗi a 2002, don kotu ta ce alaƙarsu da ƙasar bisa al'adar kakanni ta yanke a tsakani. Ka ga ke nan, ku nuna kuna amfani da wurin har yau.

Sannan ku taka iyakar da ƙafa. Kowane kabari, kowace rijiya, kowace tsamiyar iyaka, a ɗauki hoto da lambar wurin ta GPS. Ku tafi da dattawan ƙauyukan da kuke maƙwabtaka, su sa hannu cewa nan ne iyaka, don kada gobe a yi amfani da su a kanku. Tsofaffin rasitan haraji ma a nemo. Kwafi uku, a gida uku.

Uwar Marayu:

Ƙanena, ni namu ya riga ya faru, bari in gaya maka inda ba su taɓo ba. Kotu tana da jinkiri. Eddie Mabo, ɗan asalin wani tsibiri a Ostireliya, ya shigar da ƙara a kan ƙasar kakanninsu a 1982, hukunci ya fito a 1992, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Ogiek sun ci shari'a, amma an sake korar wasunsu daga dajin a 2023. Yawanci a kan teburin yarjejeniya magana ke ƙarewa, don haka can za ku zuba ƙarfinku.

Sakin layin da ya hana ka barci, a cire shi. Ku duba kuma ko akwai wani sakin layin da ya hana ku yin magana a fili. Lokacin da kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya fasa kogunan Juukan a Ostireliya a 2020, wuri mai tarihin zaman mutane na shekara 46,000, masu ƙasar suna ɗaure da yarjejeniyar da ta taƙaita musu ikon fitowa su ƙalubalanci aikin. A rubuta maƙabarta da rafi a matsayin wuraren da ba a taɓawa, da taswira a manne. A rubuta shekarun da za su yi, da wanda zai gyara ƙasar in sun tashi, da cewa in sun sayar da kamfanin sharuɗɗan na bin mai saye.

Mu abin da ya kashe mu, an kira mutum biyar ɗaki, suka fito da murmushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku zaɓi wakilanku a bainar jama'a, a sa mata da matasa da makiyaya, a rubuta cewa ba wanda zai gana da kamfani shi kaɗai. Mata ne ke ɗebo ruwan rafin nan, mu ba a tambaye mu ba.

Jikan Manoma:

Allah ya saka muku da alheri. Yaya, maganarki ta taɓa ni, domin yanzu nake jin cewa dattijo ɗaya ya riga ya dangwala yatsa a wata takarda ranar da suka fara zuwa. Shi ke nan mun makara?

Lauyar Karkara:

Ba ku makara ba. A dokokin ƙasashe da yawa mutum ɗaya ba ya iya bayar da ƙasar al'umma ba tare da izininta ba. Kada ku ci masa mutunci, ku tambaye shi a hankali me aka ce masa, wa ke wurin. Ku nemi kwafin takardar a rubuce. Sannan ku kira taron gari, a rubuta cewa ba da yawun jama'a aka sa hannun ba, kowa ya sa hannu, a kai wa kamfanin da ofishin da ya ba shi lasisi, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Ku yi shi a wannan makon, kafin wa'adin da suka ba ku ya cika.