Neman kalma: me za mu kira "fermentation" da Hausa?

Jama'a, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ɗan yayata da ke kwaleji a nan Maradi ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa: wani Bature yana dafa giya a bayan gida, ruwan sama na zuba, iska na kashe masa wutar gas, shi kuma ya kafa lema a kan tukunya, kansa a waje yana jiƙewa. Yaron ba giyar ce ta dame shi ba. Kalmar da Baturen yake ta maimaitawa ita ce malaminsu ya rubuta musu a allo da Faransanci. Ya ce, "Kawu, mene ne fermentation da Hausa?" Na buɗe baki, na rufe.

Ga abin da ake nufi. Baturen ya tafasa ruwan tsiron sha'ir kamar awa 1, ya bar shi ya huce zuwa wajen digiri 20, sannan ya zuba yisti. Daga nan aikin ya fita hannunsa. Ƙwayoyin yisti ne ke cinye sukarin da ke cikin ruwan tsiron, su fitar da barasa da iskar da ke sa kumfa. Sanyi in ya yi yawa sai su kwanta, zafi in ya wuce kima ya kashe su. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna tun 1857 cewa masu rai ne ke wannan aiki.

Wani ya ce mini "ruɓewa". A'a. Abin da ya ruɓe bola ake kai shi, kindirmo kuwa kasuwa ake kai shi.

Wani malami ya kawo "tsami", kuma wannan ta fi kusa. Nono, kamu, koko, duk sukan yi tsami. Amma ina za mu kai daddawa? Ana dafa kalwa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku, ta canza sarai, kuma ba wanda ya taɓa cewa daddawa na da tsami. Tsami ɗanɗano ne da ke zuwa bayan aiki ya gama, mu kuwa sunan aikin muke nema.

Sai na je wurin Inna, wadda ta shekara da shekaru tana tuyar masa. Ba ta ma bari na gama bayani ba. Ta ce, "Ɗan nan, ai tashi kake nufi. Kullu ya tashi, ko ya ƙi tashi." Ta tuna mini yadda take yi da hunturu, cikin Janairu: ta shigar da roba ɗaki, ta lulluɓe ta da tsohon bargo, wani lokacin ta ajiye ta gefen murhu bayan wuta ta mutu. A watan Afrilu kuwa kafin asuba kullun ya cika ya zubo ta gefen murfi. Ashe wahalar Baturen nan da tata guda ce, sai dai ita ba ta da abin awon zafi, bayan hannu take sawa.

Matsalar "tashi" ita ce ta yi nauyin kaya: tashi daga barci, tashin farashi, tashin hankali. Kuma nono ba ya tashi, kwana yake yi.

Wani dattijo da ya girma kusa da gidajen Azna, masu addinin gargajiya, ya ba ni wadda na riƙe. Ya ce masu burkutu sukan jiƙa dawa ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, sannan su bar ta sai ta tsimu. Da damina, in ji shi, tsiron kan yi fumfuna don babu ranar shanya, itace kuma jiƙaƙƙe, hayaƙi kawai.

Tsimuwa ke nan. Na san za ku ce ana tsima saiwa a ruwa ba tare da wani yisti ba, kuma gaskiya ne. Amma kalmar tana ɗauke da ajiya da jira da ƙarfin da abu ke samu, kuma tana juyuwa yadda ake so: a tsima, ya tsimu, tsimamme.

Na sa yaron ya rubuta "tsimuwa" a gefen kalmar Faransancin. Inna ta leƙa littafin ta ce ita dai kullunta tashi yake yi.