Muryar da na goge a gurup ɗin unguwarmu

Mai shagon caji, Garin Malam:
Salamu alaikum. Ni ke riƙe da gurup ɗin WhatsApp na unguwarmu, don sanarwar suna da rasuwa muka buɗe shi. Shekaranjiya wata baiwar Allah ta saka murya tana kukan kwana shida pampo bai zo ba, tana sayen bido dala ashirin ga 'yan garuwa, ta ce ina masu mulki suke. Ba ta zagi kowa ba. Kafin la'asar kawuna ya kira ni: goge, kada ka ja mana. Na goge. Tun ranar raina bai kwanta ba, don gaskiya ta faɗa, mu ma a gidanmu randa ƙaf take. Don Allah masu sani, me doka ta ce?

Tsohon mushe (malamin makaranta):
Wa alaikumus salam, ɗana. Dokar laifukan intanet ta Nijar tun 2019 take. A 2022 aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, aka bar tara. Sai a watan Yunin 2024 Janar Tiani ya sa hannu aka maido da kaso: ɓata suna shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a kuwa shekara 2 zuwa 5, ga tara har miliyan 5 na sefa. Kalmar "yaɗa" nake so ka riƙe, don ba wanda ya fara magana kaɗai ta shafa ba, har da mai turawa gaba. Abin da ke ci mini rai shi ne faɗin wannan "tada hankali". Kukan ruwa a Damagaram tun muna samari ake yinsa gaban gwamna da gaban sarki, ba a taɓa kiransa fitina ba.

Hajiya mai atamfa:
Baba, ni abin da ban manta ba Fabrairun 2021 ne, bayan zagaye na biyu na zaɓe, da aka yanke intanet ɗin salula wajen kwana goma. Ni ba ruwana da siyasa. Hoton kaya ake turo mini daga Kano in zaɓa, sai ga shi komai ya tsaya cik, har na rasa cinikin biki guda. Rigimar tana Yamai, mu a kasuwar Dole muka sha wuyarta.

Ɗan Birni:
Ku yi haƙuri, ni ban ga laifin kawu ba. Wanda ya ga Juma'ar nan ta Janairun 2015 a garin nan, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, ya san yadda magana ke zama wuta. Ƙasa na fama da 'yan ta'adda, ƙarya kuma ta fi gaskiya gudu a waya. Dole a yi linzami.

Tsohon mushe:
Na yarda da kai a kan mai ƙirƙiro labarin hari, a hukunta shi. To amma an rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024, jita-jita ta ragu a majalisun hira? Ni dai ƙaruwa na ga ta yi, don wanda ya saba kama labari da asuba ya koma ga muryoyin da ba a san mai su ba.

Mai shagon caji, Garin Malam:
Na gode, Baba. Ɗazu matar ta kawo cajin waya, ta tambaye ni ko wani laifi ta yi. Na ce mata a'a, na ba ta haƙuri. Mun yi shawara da maƙwabta, gobe mu biyar za mu je wurin mai unguwa da bakinmu. Yau kwana takwas ke nan, pampon bai zo ba.