Daga faɗuwar rana zuwa ɓacewar shafaƙi: minti nawa ne a Tawa?

Ɗalibin Tawa: Assalamu alaikum malamai. Manhajar waya tana sa Isha'i awa ɗaya da rabi bayan Magariba, alhali duhu ya rufe tun kafin nan. Shin almuru da shafaƙi abu ɗaya ne? Kuma hasken yamma minti nawa yake ɗauka a nan?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne. Almuru shi ne ɗan lokacin da rana ta faɗi amma kana gane fuskar mai tahowa ba tare da fitila ba. Masana taurari suna auna hasken da zurfin rana ƙarƙashin gefen sama. A digiri 6 karatu a waje ya gagara. A digiri 12 taurari sun fito sosai. A digiri 18 dare ya cika. Duniya tana juya digiri 1 cikin minti 4, kuma a ƙasarmu rana kusan a miƙe take nutsewa, shi ya sa almurunmu gajere ne: minti 21 zuwa 24 kafin ta kai digiri 6. Cikakken duhu kuwa sai minti 70 zuwa 80 bayan faɗuwar rana, jiran ya fi tsawo wajen watan Yuni.

Almajirin Fiƙihu: Ɗan'uwa, shafaƙi jan nan ne da ke kwance a yamma bayan faɗuwar rana, sai fari ya biyo bayansa. A Malikiyya Isha'i tana shiga da ɓacewar jan. Imamu Abu Hanifa ne ya ce sai farin ya gushe. Manhajarka tana kan lissafin Ummul Ƙura na Makka, mai sa minti 90 kullum, 120 cikin azumi. Shiga saiti ka zaɓi lissafin da ke sa Isha'i idan zurfin rana ya kai digiri 17. Ka duba garin ma, don idan Yamai ta ɗauka akwai matsala: rana tana riga faɗuwa a Tawa da kusan minti 12.

Ladanin Unguwa: Allah ya saka, malam. A kula da hunturu. Hazo yana haɗiye rana tun tana sama, ta koma fara fat kamar faranti, ta ɓace alhali ba ta faɗi ba. Jan ma ba ya fitowa, toka-toka kawai za ka gani. Mai azumi kada ya sha ruwa da ganin ido a irin wannan rana. Ya bi jadawalin garinsa, ya ƙara minti 2 ko 3.