Sauya jami'a a tsakiyar karatu a Amurka: waɗanda suka yi, me kuka tarar?

Autar Gida:
Assalamu alaikum yayyena. Ina kwalejin shekara biyu a nan Amurka, kuma in Allah ya yarda a watan Mayu zan kammala da kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci). Injiniyancin lantarki nake son ƙarasawa. Jami'o'i uku sun ba ni gurbi. Ɗaya ta yi suna amma akwai tsada, ɗaya tana kusa da inda nake zaune, ta ukun kuma ita ce ta fi damuna da saƙonni tana cewa za ta karɓi duk abin da na karanta. Waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, don Allah da me kuka auna kafin ku zaɓa?

Injiniya Baffa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ta ukun ce nake so ki yi hattara da ita, domin irin ta ce ta ci mini shekara guda. Karɓar kiredit daban, lissafa shi cikin digirinki daban. Jami'a tana iya karɓe duk 60 ɗin nan naki ta rubuta su a takarda, amma ta zuba kashi ɗaya cikin uku a kwandon darussan zaɓi, waɗanda ba su rage miki komai daga abin da sashenki ya wajabta.

Ni a waya jami'in ɗaukar ɗalibai ya ce mini kusan komai zai wuce, kuma bai yi ƙarya ba, kusan komai ya wuce. Sai da na zauna da mai ba da shawara na sashen injiniya, ta juyo mini da allon kwamfutarta, na ga jerin darussan digiri, wasu da alamar kore, wasu da ja. Kos ɗina na lissafi na biyu ja ne. Kimiyyar lantarkin da na sha wahalarta ja ce. Na ce ai sunan kos ɗin ɗaya ne da naku. Ta ce suna ɗaya ne, amma nasu yana da awannin ɗakin gwaji da nawa ba shi da su. Kama da wane ba ta wane. Kuma da yake waɗannan biyun su ne ƙofar darussan aji uku, duk abin da ke bayansu ya tsaya cak.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu.

Saboda haka kafin ki biya kuɗin riƙe gurbi, ki rubuta wa kowacce cikin ukun ki ce su ba ki tantancewar darussanki a rubuce, kos bayan kos, su nuna wanne ne ya maye gurbin wanne a cikin digirin lantarki, da semesta nawa ta rage miki. Sashen ne zai ba ki amsar gaskiya, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba. Kuma ki adana manhajar kowane kos da kika yi, wadda malami ke rabawa a makon farko. Da ita na ɗaukaka ƙara har aka dawo mini da kos ɗaya.

Maman Sultan:
Baffa ya gama magana. Abin da zan ƙara, Auta, ba ki faɗi jihar da kike ba, kuma jiha ita ce rabin zancen. Ni a Kalifoniya na yi nawa, kuma gaskiya na sami sauƙi. Akwai shafin ASSIST, inda za ki sa sunan kwalejinki da jami'ar da kike hari da fanninki, ya jero miki kos-kos ɗin da aka riga aka yi yarjejeniya a kansu. Tun semesta ta farko da shi nake zaɓen darasi. Sannan na shiga tsarin TAG, wanda rassa shida na Jami'ar Kalifoniya ke ba da tabbacin gurbi idan ka cika sharuɗɗa: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da Los Angeles da San Diego ba sa ciki. A watan Satumba ake nema, reshe ɗaya tak, kuma ba kowane fanni ne ke ciki ba, sai an duba. Su kuma jami'o'in CSU, wato ɗayan rukunin jami'o'in gwamnatin Kalifoniya, suna da nasu tabbacin ga wanda ya yi digirin shekara biyu na musamman don sauyawa, sai dai tabbacin na shiga tsarin ne, ba lallai reshen da ranka ke so ba.

Wani abin da mutane ba sa lura: Jami'ar Kalifoniya ba ta lissafa fiye da kiredit 70 na semesta daga darussan matakin ƙasa. Akwai wata da muka yi kwaleji tare, tana ta tara kos wai don ta rage aiki a gaba, ashe ta wuce iyaka tuntuni.

Fulorida ma tana da tsarin biyu-da-biyu (shekara biyu a kwaleji, biyu a jami'a) da lambobin kos iri ɗaya a makarantun gwamnati, Tekzas kuma tana da ginshiƙin darussa na kiredit 42 da ke wucewa gaba ɗaya tsakanin makarantun gwamnatin jihar. Da zarar kika tsallaka jiha, ko kika nufi jami'a mai zaman kanta, yawancin wannan kariya ta faɗi.

Ɗan Baiwa:
Ni dai zan ɗan saɓa wa manya, a gafarce ni. Kada lissafin kiredit ya rufe miki ido. Da sanina na zaɓi wadda ta ƙara mini semesta ɗaya, saboda kamfanonin da nake so su ne ke zuwa baje kolin aikinta, kuma a nan na sami aikin koyon sana'a da ya zama aikina na yau. Asarar semesta ɗaya da ka gani tun farko ka amince, ba ɗaya take da shekarar da ta faɗo maka daga sama ba. Tunda injiniya za ki yi, ki tabbatar shirin lantarkin kansa yana da amincewar ABET, hukumar da ke tantance shirye-shiryen karatun injiniya, ba jami'ar kawai ba.

Injiniya Baffa:
Ba mu saɓa ba, ƙanena. Kai ka ga takardar kafin ka sa hannu.

Hajiya Mai Lissafi:
'Yata, ni uwa ce, ɗana ne ya sauya, amma aljihuna ne ya ji a jikinsa. Kuɗin shekara da suke rubutawa a shafinsu ba shi ne ma'auni ba. Ki ɗauki abin da zai rage bayan tallafi, ki ninka da yawan semestocin da suka rage miki a wannan makarantar. Da muka yi haka, mai arhar ta koma mai tsada, don ita semesta shida take nema, ɗayar huɗu.

Ki kuma sani, manyan tallafin da ake tallatawa yawanci na 'yan aji ɗaya ne. Na masu sauyawa daban yake, sau da yawa bai kai ba, kuma wa'adinsa kan riga na neman gurbi rufewa. Ɗana ɗan ƙungiyar Phi Theta Kappa ne, ta hazikan kwalejojin shekara biyu, kuma jami'arsa ta rage masa wani abu saboda haka kawai. Akwai kuma tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke na masu sauyawa, mai tsoka ne ƙwarai, amma masu nema sun yi yawa. Ki tambaye su ko tallafin zai ci gaba a shekara ta biyu, da makin da za ki riƙe don kada a yanke.

Sarkin Dare:
Abu biyu a gurguje. Idan kina tsarin semesta su kuma suna tsarin kwata, mai gajerun zangunan karatu, lambobin za su ruɗe ki: kiredit 60 na semesta daidai yake da 90 na kwata. Sannan yawancin jami'o'i ba sa karɓar kos ɗin da aka ci ƙasa da C, kuma GPA ɗinki, wato matsakaicin makinki, daga sifili zai fara a can. Ni ya yi mini daɗi, wasu kuwa kuka suka yi.

Anti Zuzu:
Nawa ƙorafin ba na takarda ba ne. Ranar da aka buɗe mana rajista, tsofaffin ɗalibai sun riga sun cinye kujerun darussan da nake buƙata, ɗaya daga ciki kuma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Ɗakin kwana ma an ce 'yan aji ɗaya ne kan gaba. Na shiga aji uku na tarar kowa ya haɗa rukunin karatunsa tun shekara biyu baya, ranar raba aikin rukuni ni kaɗai na rage ina waige-waige har malami ya cusa ni wani wuri. Ki tambaye su ko suna ware wa masu sauyawa kujeru a darussan sashe, ko akwai ofishi nasu na musamman. In da hali ki nemi wanda ya sauya zuwa can bara ku yi magana, shi ba talla yake yi ba.

Autar Gida:
Allah ya saka da alheri, yau ɗin nan zan rubuta wa sassan uku. Saura tambaya ɗaya: da bizar ɗalibi nake, sai na koma gida na sake sabuwa?

Malam Nagari:
A'a ƙanwata, muddin kina cikin ƙa'ida. Bayananki na SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗaliban ƙetare, ne za a tura daga tsohuwar makaranta zuwa sabuwa, sabuwar ta ba ki sabon I-20, takardar shaidar zamanki ɗaliba a can, bayan kin nuna shaidar kuɗin shekara guda. Ki je wurin jami'in ɗaliban ƙetare na kwalejinku da takardar gurbin, ku tsayar da ranar sakin bayanan. Dole a yi wannan kafin kwana 60 na rangwame bayan kammalawa su ƙare, kuma ki fara darasi a can cikin wata biyar. Kada ki bari a saki bayanan sai kin gama yanke shawara, domin makaranta ɗaya kaɗai ake tura wa, kuma bayan ranar sakin tsohuwar ba ta da iko a kansu. In kina ɗan aiki a harabar kwalejin, ki tambayi jami'in ranar da izininki zai ƙare, don kada ki yi ko awa ɗaya bayanta.