Kamashon Apple da Google: Inda Muhawara Ta Tsaya

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar da muka yi, mu masu ƙera manhajojin waya, kan kamashon da Apple da Google ke cira daga cinikinmu a shagunansu na manhaja.

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa kashi 30 cikin 100 ya yi tsada. Amma an tunatar da mu cewa tun 2021 Apple na karɓar kashi 15 ne daga wanda cinikinsa bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba, Google ma ya yi haka a 2021 a kan miliyan ɗin farko. Yawancinmu a wannan rukunin muke.

2. Kamashon kan kayan cikin manhaja ne, kamar rajistar wata-wata da kuɗin wasanni. Mai sayar da atamfa ta manhaja ba ruwansa.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce Apple ne ya gina shagon, shi ke tace manhajoji don kare mutane daga 'yan damfara, don haka ladansa yake ci. Wasu suka ce ai ba kuɗin ne ciwon ba, rashin wata ƙofa ne: mai Android na iya sauke manhaja daga waje, mai iPhone kuwa a yawancin ƙasashe sai App Store, shagon Apple. Sun kafa hujja da korar wasan Fortnite daga App Store a 2020, da dokar Tarayyar Turai da ta tilasta wa Apple yarda da wasu shaguna a 2024. Ni dai hujjarsu ta fi zauna min.

4. Shawarar da aka fi maimaitawa: lissafa kamashon cikin farashinka tun farko, kuma ka karanta ƙa'idar kowace ƙasa kafin ka tura masu saye biyan kuɗi a shafinka.