Ferrari, Porsche, Lamborghini da McLaren: wa ke da tarihin tsere na gaske, kuma wacce za a saya?

Baban Ihsan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kowanne cikin kamfanonin nan huɗu cewa yake motarsa daga filin tsere ta fito. Maganar wanne ce ke da tushe? Kuma mai son sayen ta hannu, wacce za ku nuna masa, me zai duba kafin ya biya?

Injiniya Habu: Wa alaikumus salam, Alhaji. In tarihi ake nema, Ferrari ce gaba. Enzo Ferrari ya kafa ƙungiyarsa ta tsere a 1929, motar farko mai sunansa kuwa sai 1947 ta fito. Shi sayar da mota yake yi don ya sami kuɗin tsere. Tun da aka fara gasar Formula 1 a 1950 babu shekarar da ba su shiga ba, kuma sun ɗauki kofin kamfanoni sau 16. A Le Mans, tseren awa 24 na Faransa, sun ci sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965. Ford ce ta taka musu birki. A 1963 ta nemi sayen kamfanin, ciniki ya watse saboda Enzo ya ƙi sakin ragamar sashen tsere. Sai Ford ta ƙera GT40, ta zo 1966 da inji mai lita 7 ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku, ta riƙe kambun har 1969. Ferrari ba ta sake cin Le Mans ba sai 2023 da 499P, ta maimaita a 2024 da 2025.

Malam Tasi'u: Injiniya, in Le Mans ce ma'auni, ai gidan Porsche ne: sau 19, tun daga motarsu 917 a 1970. Amma mai saye ba kofi zai tuƙa ba. Abin da zai tambaya shi ne, wane ƙarfe ne ya taso daga motar tsere ya shigo motar titi? A Porsche ana nuna shi da yatsa. Injin da ake kira Mezger, wanda ke cikin GT3 na 996 da 997 (lambobin zubin motar 911 ne, ɗaya bayan ɗaya), jinin 911 GT1 ne, wadda ta ci Le Mans a 1998. Baƙin mansa a tanki na daban yake, ba a kwanon ƙasan inji ba. Amfanin haka, in an daɗe cikin kwana da gudu mai ba ya tattaruwa gefe guda ya bar famfo yana zuƙar iska, wanda shi ke cinye boris. Kuma ba shi da matsalar boris ɗin IMS, wato na sandar tsakiya da ke juya taimin, da ta addabi 911 Carrera na waɗannan shekarun.

Aibinsa ɗaya sananne ne. Bututun ruwan lagireto da gam aka liƙa su a jikin inji. Zafi da sanyi na shekaru su kashe gam ɗin, bututu ya fice, ruwa ya kwarara kan tayoyin baya, mota ta juya da mutum. Maganin shi ne a sauke inji a yi musu walda ko a soke su da kusa. Ka nemi takardar da ta nuna an yi. Sannan a jona kwamfuta a karanta tarihin wuce iyakar juyin inji. A 997 mataki shida ne. Na 1 da na 2 ba abin damuwa ba ne, amma daga na 4 zuwa sama alama ce an taɓa jefa giyar ƙasa a kan gudu, sai a auna matsin silinda kafin a yi maganar kuɗi.

Injiniya Habu: Ferrari ma tana da abin nunawa, Malam. Giyar da ake canzawa da yatsu a bayan sitiyari, a motarsu ta Formula 1 ta 1989 ta fara, ta shigo F355 a 1997. Injin F50 mai silinda 12 kuma daga na tseren 1990 aka samo shi.

Anti Zulai: To ni zan tsaya wa Lamborghini, amma ba da tarihin tsere ba, don ba ta da irin nasu. Ferruccio Lamborghini mai ƙera tarakta ne, ya buɗe kamfanin mota a 1963 a Sant'Agata, ba nisa da Maranello, garin Ferrari, kuma tun farko ya ƙi shiga tsere. Abin da ta kawo shi ne Miura a 1966: silinda 12 a kwance a tsakiya, bayan direba. Ferrari ba ta fito da motar titi mai silinda 12 a tsakiya ba sai 1973. Nasarorinta na tsere na baya-bayan nan ne, kamar yadda Huracán GT3 ta ci ajinta a tseren awa 24 na Daytona a Amurka a 2018, 2019 da 2020. Inda ta fi gwabzawa da Porsche shi ne filin tsere na Nürburgring a Jamus. Huracán Performante ta zagaya a 6:52 (minti 6 da daƙiƙa 52), Porsche ta mayar da martani da GT2 RS a 6:47 cikin 2017, Aventador SVJ ta zo 2018 ta yi 6:44.97.

Baban Ihsan: Hajiya, ke nan lokacin Nürburgring ne zai raba gardama?

Anti Zulai: A'a, Alhaji, sai an san yadda aka auna. Tsayin da aka saba aunawa a da kilomita 20.6 ne, cikakken zagaye kuwa 20.832, tsakaninsu akwai daƙiƙu. Taya kaɗai tana canza lissafi: mota ɗaya a kan Michelin Cup 2 R, tayar filin tsere, da kan tayar titi ta yau da kullum ba lokaci ɗaya za ta yi ba. Ferrari ma ba ta shiga wannan gasa, a filinta na Fiorano take fitar da lokutanta, inda babu wanda za a gwada ta da shi. Haka nauyi: kamfanonin Italiya sun fi faɗin nauyin mota babu fetur, babu baƙin mai, babu ruwa, Porsche kuwa da su take faɗa. Ka ƙara kusan kilo 100 a kan na Italiya kafin ka kwatanta.

Ɗanjuma Bakanike: Gaskiya ne, Anti. Iyakar gudun mota ma haka take. Koenigsegg Agera RS ta yi kilomita 447 a awa a Nevada cikin 2017, matsakaicin zuwa da dawowa, don iska da gangara su soke juna. Bugatti Chiron ta yi 490 a 2019, amma zuwa kaɗai.

Kada a manta McLaren. F1 GTR ta ci Le Mans a 1995, zuwanta na farko, alhali motar titi ce aka gyara. Su ne kuma suka fara gina gangar jikin motar Formula 1 da zaren kabon a 1981, kuma duk motar titinsu a kan irin wannan kwarya take. Ba ta tsatsa, amma in ta tsage ba aikin mai walda ba ne, don haka a ɗaga mota a haska ƙasanta da tocila. A 12C da 650S da 720S shakazoba huɗun a haɗe suke da bututun mai, da wasu ƙwallaye masu iskar naitirojin. In iskar ta zurare sai mota ta sandare tana tsalle a ƙaramin rami. Ana canza ƙwallayen ne, a cire iska daga bututun da na'urar kamfani. Wanda ba shi da bakaniken da ke da wannan na'ura kusa, ya nemi 570S, ita shakazobarta irin ta kowa ce.

Injiniya Habu: A Ferrari shawarata 458. Lita 4.5, doki 570, tana juyi har 9,000, kuma daga 488 ta 2015 aka koma tabo, wato na'urar da ke ɗura iska cikin inji. Giyarta mai kuloci biyu ce, ba ta wahalar cunkoso. A tabbatar an yi mata gyaran da kamfani ya kira a 2010, na gam ɗin da ke kama wuta a rumfar tayar baya. In kuɗi bai kai ba, F430: sarƙa ce ke juya taimin ɗinta, ba bel ba. F355 sai an sauke inji kafin a canza bel, 360 kuwa ta wata ƙofa a bayan kujeru ake shiga. Amma a F430 a saurari bakin salansa da sanyin safiya. In ana jin tak-tak ya tsage, kuma ɓarɓashin matatar hayaƙi na iya komawa cikin silinda.

Ɗanjuma Bakanike: Ƙari a kan haka, Yallaɓai: giyar F1 ta 360 da F430, wato wadda ake canzawa da yatsu, da irinta e-gear ta Lamborghini Gallardo, kuloci ɗaya gare su, kwamfuta ce ke taka shi. Jan jiki a cunkoso da ribas a kan tudu su ke ƙone shi. Na'ura tana nuna kashi nawa cikin ɗari ya cinye, a karanta a gabanka. Faifan birki na kabon kuma ba a gane lafiyarsa da kauri, don daga ciki yake ƙonewa. Cire shi ake yi a ɗora a sikeli, mafi ƙarancin nauyinsa na rubuce a jikinsa. A taya a duba lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke rubuce a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ta wuce shekara biyar ko shida, a canza ko da zanenta bai taɓu ba.

Baban Ihsan: Allah ya saka da alheri. Malam Tasi'u, GT3 ta 991, zubin da ya biyo bayan 997, fa?

Malam Tasi'u: Amin, Alhaji. Ba Mezger ba ce. A 2014 Porsche ta canza injin duka 785 na farko saboda notin sandar fistin da ke kwancewa. Ka ba dila lambar shasi ya buga maka takardar wane inji ke ciki yanzu da ranar da aka sa shi.