Yaya zan yi in ɗora kaya sau ɗaya su fita a duk shafukana?

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina sana'ar kayan gara a gida, alkaki da nakiya da dubulan da cincin, kuma yawancin masu oda ta waya suke samuna. Ina da shafi a Facebook, ina da Instagram, ga sitatus na WhatsApp, kwanan nan kuma 'yata ta buɗe min TikTok. Ɗora kayan ne yake ba ni wahala. Sai na gama suya, na sallami yara, bayan isha'i sannan in zauna in sa hoto a nan, in sake rubuta farashi a can, hannu duk ƙaurin mai, ido na rufewa. Data ma tana tafiya, tunda bidiyo ɗaya kowane wuri sai na tura shi daban. Ga lokacin bukukuwa ya matso.

Wani yaro a layinmu ya ce zai haɗa min su gaba ɗaya, in na ɗora a wuri guda ya watsu ko'ina har guruf-guruf ɗin WhatsApp da nake ciki. Amma ya ce sai na ba shi lambobin sirrina duka, kuma in sauke wata WhatsApp da ba ta cikin Play Store. Raina bai kwanta ba. Akwai hanyar gaskiya da ake yin wannan? Kyauta ce ko biya ake yi?

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Gumi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kada ki ba shi. Ko yaron kirki ne, haɗa shafuka ba ya buƙatar lambar sirrinki ta bar hannunki. Waccan WhatsApp ɗin kuma irin su GB WhatsApp yake nufi, kamfanin bai yarda da su ba, yana rufe lambar da ya kama tana amfani da su, haka ma wadda take watsa saƙo barkatai da na'ura. Mata masu sana'a suna zuwa shagona hankali a tashe, an ƙwace musu lamba, ɓarawon yana bin kwastomominsu ɗaya bayan ɗaya yana tura musu lambar akawun ɗinsa da sunan mai kaya. Kuɗin da ya tafi daban, sunan da ya ɓaci daban. Yau ɗin nan ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambobi shida da ke kaɗai kika sani. Lambar da ake turowa ta tes kuma, ko wa ya kira ya ce ki karanto masa, ki kashe wayar.

Abban Khalifa, Malali:
Hanya tana nan Hajiya, kuma kyauta ce, sai dai ba ta kai inda yaron ya faɗa ba. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfani ɗaya ne, Meta. Ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, shi ya sa haɗa su yake da sauƙi. TikTok na wani kamfani ne daban, ByteDance.

Ki fara mayar da Instagram ɗinki na kasuwanci, a cikin saiti ake yi, ba a biyan ko kwabo. Sai ki haɗa shi da shafinki na Facebook. A saitin akwai wurin da aka rubuta Accounts Center, nan za ki kunna cewa duk abin da kika ɗora a Instagram ya fita a Facebook, hoto ne, sitori ne ko Reels, wato gajerun bidiyo. Bayan haka ki sauke manhajar Meta Business Suite. A cikinta za ki rubuta abu sau ɗaya, ki zaɓi Facebook da Instagram tare, har ki sa masa rana da lokacin da zai fita. Kina iya zama ranar da ba ki da suya ki tsara na mako guda. Saƙonni da sharhin mutane na shafukan biyu ma a wuri ɗaya za ki riƙa ganinsu.

Ki kula da abu ɗaya sosai: lokacin haɗawa ki tabbata shafin sana'a kika zaɓa, ba Facebook ɗinki na kanki ba. In kuma kina sa hotunan yara ko na sunan 'yan uwa a wannan Instagram ɗin, ki raba, ki buɗe na iyali daban, don kada su riƙa faɗawa gaban baƙin da alkaki kawai ya kawo su.

WhatsApp kuwa, abin da ya yarda da shi shi ne sitatus ɗinki ya wuce zuwa sitorin Facebook ko na Instagram. Babu halastacciyar hanyar da kaya za su riƙa shiga guruf-guruf da kansu.

Anti Mai Atamfa, Kasuwar Barci:
Maman 'Yan Biyu, ni ina amfani da abin da Abban Khalifa ya faɗa, yana rage aiki ƙwarai, amma ban goyi bayan ki tsara na mako guda da farashi a jiki ba. Ke kin fi ni sanin yadda fulawa da sukari da man gyaɗa suke yi. Ki rubuta kuɗin bokitin cincin ranar Lahadi, ya fita ranar Alhamis bayan kaya sun tashi, mai oda ta ɗauki hoton rubutunki ta turo miki ta ce ai ga abin da kika sa. Ko ki yi asara ko ku ɓata. Abin da za ki tsara tun da wuri ya zama wanda ba ya tsufa: bidiyon yadda kike murza alkaki, tiren dubulan da aka jera za a kai gidan amarya, godiyar wadda ta karɓi kaya in ta yarda a sa. Farashi ki bar shi a sitatus, tunda awa 24 yake yi ya ɓace.

Sannan akwai abin da ya fi kuɗi. Na'ura ba ta san an yi rasuwa ba. Na ga wadda aka yi wa rashi a gida da safe, mutane na zaman makoki, da azahar tallanta ya fito da "ku garzayo, kaya sun sauka". Ba ita ta ɗora ba a lokacin, amma wa zai tsaya ya tambaya? Dangin miji sun daɗe suna maganar. Duk ranar da wani abu ya faru, a gida ko a gari, ki fara shiga ki tsayar da abin da kika tsara, ko ki nuna wa 'yarki yadda ake yi.

Kuma 'yar uwa, ciniki a amsa yake. Matan Facebook ko kin rubuta kuɗi sai sun tambaya "nawa?", suna son a kula su ne. In tallanki yana fita kullum amma tambaya tana kwana biyu ba amsa, kamar shago ne a buɗe mai shi ba ya nan.

Ɗalibi daga Kawo:
Mama, game da TikTok, akwai manhajar Buffer. Tsarinta na kyauta yana ɗaukar shafuka uku, kowanne ki jera masa abu goma suna jiran lokacinsu, kuma tana aiki da TikTok da Instagram da shafin Facebook. Wajen haɗawa ita za ta kai ki shafin kamfanin ki shiga da hannunki ki ba da izini, kuma kina iya janye izinin duk ranar da kika so.

Dalilin da ya sa maganar yaron ba ta tsaya ba: tun 2018 Facebook ya hana manhajojin waje ɗora abu a shafin mutum na kansa, sai shafin kasuwanci. A 2024 ya rufe musu ƙofar guruf ɗin Facebook ma. X kuma, wato Twitter ta da, a 2023 ya sa kuɗi a kan irin wannan haɗin, manhajoji da yawa suka janye. To wanda ya ce zai watsa miki ko'ina da ko'ina, ta bayan gida zai bi.

In za ki sa bidiyo a wurare biyu, ki ɗauko na asali daga wayarki. Kada ki sauke wanda kika riga kika sa a TikTok, yana zuwa da tambarinsu, kuma Instagram ya faɗa tun 2021 cewa yana rage nuna irin waɗannan. Adireshin intanet ma ba ya dannuwa a ƙarƙashin hoton Instagram, don haka ki rubuta lambar oda ɓaro-ɓaro.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Gumi:
Ƙari kaɗan Hajiya. Ki koma WhatsApp Business, ita ma kyauta ce kuma ta kamfanin ce. Za ki jera kayanki da hotuna a wuri ɗaya, ki sa saƙon da zai amsa wa mutum in hannunki na cikin ƙullu. Akwai kuma tura saƙo ɗaya ga mutum har 256 a lokaci guda, amma sai wanda ya adana lambarki zai samu. Lambobin manyan kwastomominki ki rubuta su a littafi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, masu lambobin mutanensu a hannu ne suka iya kiransu.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi:
Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Na sa lambobi shidan, yaron kuma na ba shi haƙuri. Anti, maganar rasuwar nan ta shige ni, zan koya wa 'yata tsayarwa. Abban Khalifa, mun haɗa Instagram da shafin, na gwada da hoton nakiya ya fita a duka biyun. Tambaya ɗaya ta rage: tsofaffin hotunan da ke Instagram su ma za su koma Facebook da kansu?

Abban Khalifa, Malali:
Amin Hajiya. A'a, daga ranar da kika kunna ne yake farawa. Tsofaffin sai ki zaɓi masu kyau ki ɗora su da hannu, ki cire tsohon farashin kafin ki tura.